Lambar da Baba Ya Kai Makaranta a Kafaɗa

Ranar Asabar da ta wuce na fitar da tsohuwar katifar Mama tsakar gida don ta sha rana, saboda damina ta sa ɗakin ya fara warin danshi. Da na yaye rigar da aka ɗinka mata daga baya, sai ga yadinta na asali, fari mai ratsin shuɗi, ya koɗe amma bai yage ba. Ban san lokacin da ɗan yatsana ya hau kai ya fara ƙirga ratsin ba. 'Yata ta leƙo ta taga ta ce, "Mama, kuɗin cizo kike nema?" Na ce ta koma kan wanke-wankenta. Hamsin da shida na samu, don tela ya cinye uku a ɗinki. Cikakken faɗin yadin ratsi hamsin da tara ne, wannan kam ko daga barci ka tashe ni zan faɗa maka, kuma yau zan gaya maka dalili.

A Makera, cikin garin Kaduna, na tashi, a gidan haya irin mai ƙofa na kallon ƙofa, ɗaki goma sha biyu, rijiya ɗaya, da igiyar shanya ɗaya wadda ba a taɓa rasa rigima a kanta ba. Iyayenmu daga kudancin jiha suka zo. Maƙwabta kuwa akwai 'yan Filato, akwai 'yan Binuwai, akwai wani Malam mai ɗinkin hula da iyalinsa a ɗakin ƙarshe. Kowa da yarensa a cikin ɗaki, amma da an fito tsakar gida, da Hausa ake faɗa, da ita ake shiryawa. Agogo kuma ba mu damu da shi ba. Jiniyar masaƙa ce ke tashin mu, ita ke gaya wa Mama lokacin ɗora tukunya, ita ke sako maza a kan kekuna su cika titin Kakuri har mota ta rasa hanya. In ruwa ya ɗauke da yamma, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kan haɗu da na gasasshiyar masara da warin sitaci da rini da ke tasowa daga magudanar masaƙa. Har yau in na ji warin sitaci mai zafi sai in waiga ƙofa.

Baba aji uku ya yi a makarantar mishan ta ƙauye kafin noma ya janye shi, daga noma kuma sai masaƙa. Aikinsa ɗaura zare. Kafin injin saƙa ya motsa, sai an zura zaren tsaye, wato wanda ke bin tsawon yadi, ɗaya bayan ɗaya ta cikin idanun ƙarfe, kuma in aka tsallake guda ɗaya, yadin zai fito da tabo tun daga farko har ƙarshe. Baba ne ke wannan zurawar, shi da wani abokinsa da ke miƙo masa zaren ta baya. A cikin ɗakin saƙa ba mai jin wani, da hannu da motsin baki suke magana, kuma ƙarar injunan ta riga ta cinye masa rabin ji. Don haka magana yake da ƙarfi kamar mai kiran wani a hayin kogi, ko da kuwa addu'ar cin abinci ce. Yakan dawo da burbushin auduga a kai da gira, mu yi ta tsokanarsa da cewa ya yo furfurar aro. A aljihun kakinsa kullum akwai wani ɗan madubi mai naɗewa, bai kai akwatin ashana ba, wanda in ka ɗora a kan yadi ka leƙa, zaren zai yi kauri har ka iya ƙirga shi da tsinin allura. Ba ya barin kowa ya taɓa masa shi.

Ni kuwa tun ina ƙarama bakina ya fi jikina girma. Mama takan ce da da surutu ake tuƙa tuwo, da gidanmu ya ciyar da unguwa. Amma lissafi na iya shi, wannan ba yabon kai ba ne. A aji shida muka samu sabon malamin lissafi, saurayi, fitowarsa ke nan daga kwalejin horon malamai, rigarsa kullum da karin guga. Kada ka ɗauka labarin mugun mutum zan ba ka. Ya iya koyarwa, kuma ina ganin girmansa ƙwarai. Shi ya zaɓe mu mu uku don gasar lissafi ta makarantun hayin kogi da za a yi a ƙarshen zango, ni kaɗai ce mace a ciki. Kafin kwana biyu na riga na sanar da duk gidanmu, har da Malam mai hula, har da mai sayar da kananzir a bakin layi.

Wata Litinin ya koya mana yadda ake kasa lambobi gida-gida. Akwai cika, wadda ke rabuwa biyu daidai, akwai mara, wadda ke barin ɗaya a gefe. Akwai wadda ake samu in an ninka lamba sau kanta, kamar yadda bakwai sau bakwai ke ba da arba'in da tara. Sannan akwai wadda ya fi so, wadda ba abin da ke raba ta ba tare da saura ba sai ɗaya da ita kanta, irin su goma sha uku da ashirin da tara. Sunanta na Turanci ya yi mana nauyi a baki, sai muka raɗa mata "mai taurin kai", shi ma ya yi dariya ya karɓa. Aikin gida kuma ya ce kowa ya samo babbar lamba daga wurin aikin iyayensa, wadda ta haura dubu, mu zo mu gano gidanta.

Na samu Baba yana wanke ƙafa a bakin rijiya, na ɗaga murya na faɗa masa. Bai tsaya tunani ba ya ce, "Dubu uku da ɗari biyar da casa'in da tara." Na ce ta mece ce? Ya ce yawan zaren da ke kan injin yadin katifa ke nan, ban da na gefe. Na rubuta a bayan littafi na ruga wasan 'yar gala-gala, ban ƙara tambayar komai ba.

Washegari aka yi ta kawo lambobi. Ɗan direban bas ya kawo ta motar ubansa, dubu huɗu da ɗari biyar, wadda ta ba da kai nan take: biyu ta raba ta, uku ta raba ta, biyar ma haka. Wata ta kawo lambar taragon jirgin ƙasa. Tawa ce ta ƙarshe. Malam ya rubuta 3599 a allo ɓaro-ɓaro, ya ce mara ce, wannan kowa ya gani. Ya gwada uku, ta ƙi. Biyar ba a ma magana. Ya gwada bakwai, ɗaya ya yi saura. Sha ɗaya, sha uku, sha bakwai, sha tara, duk ta ƙi. Alli ya ɓata masa hannun riga, allo ya cika, ya share ya ci gaba har ya kai talatin da ɗaya. Ana cikin haka ƙararrawar tashi ta kaɗa. Ya ja layi biyu a ƙarƙashinta ya ce, "Wannan mai taurin kai ce ta gaske, kamar mai ita." Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa kaina ya kumbura, don duk ajin tawa ce kaɗai ta gagari Malam.

Na tarar da Baba a ƙofar ɗaki yana gyaran sarƙar keke. Na ce, "Baba, lambarka ba ta rabuwa. Malam ya ce ba abin da ke raba ta." Ya sa hannu a bayan kunne, na maimaita. Ya yi dariya har kafaɗunsa na rawa, ya ce, "Ni da nake raba ta kowane mako? Ki ce wa Malam ya sake dubawa." Ya koma kan sarƙarsa. Karo na biyu ke nan ban tambaye shi ta yaya ba.

Da ina da hankali, da na jira an tashi na sami Malam shi kaɗai. Amma ni ce fa. Ranar Laraba yana shigowa, tun bai ajiye littafi ba, na miƙe na ce, "Malam, Babana ya ce ka yi kuskure." Abin da ban lura da shi ba, hedimasta na zaune a bayan aji, ya zo duba yadda sabon malami ke koyarwa. Fuskar Malam ta sauya. Ya ce, "Da nawa take rabuwa?" Na ce ban sani ba, amma Baba ya ce tana rabuwa. Ya ce, "A ina Babanki yake koyarwa?" Na ce a masaƙa yake aiki. Ya ce, "To, leburan masaƙa ne zai gyara mini lissafi." Aka yi dariyar da har yau nake ji a kunnena. Hedimasta ya miƙe ya yanke hukunci: ranar Juma'a a taron safe zan tsaya gaban makaranta in ce ni da Babana mun yi kuskure, in ba Malam haƙuri. In na ƙi, a cire sunana daga gasa.

Da yamma na tambayi Baba abin da ya kamata in tambaya tun Litinin. Ya yaye zanin gado ya nuna mini katifar da muke kwana a kai. Ya ce ratsi hamsin da tara ne a faɗin yadi, kowane ratsi farin zare arba'in, shuɗi ashirin da ɗaya. Na ɗauki gawayi na ninka hamsin da tara sau sittin da ɗaya a kan siminti. Ta fito cif, ba ragi ba ƙari. Na yi tsalle har na zubar wa Mama da ruwan wanke shinkafa. Ranar Alhamis na kai wa Malam a rubuce, amma ko buɗe takardar bai yi ba, ya danne ta da rajista ya ce, "Magana ta wuce lissafi, yanzu ta tarbiyya ce. Sai gobe."

Muna cin tuwo a ƙofar ɗaki ranar na kwashe komai na gaya wa Mama, murya ƙasa-ƙasa, har da kalmar lebura. Baba na zaune gabanmu yana cin nasa. Mama ta ce, "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ki faɗi abin da suke so, ki je gasarki." Na ce haƙuri zan iya bayarwa a kan bakina, amma ta yaya zan ce Baba ya yi kuskure alhali na gani da idona? Ta ce, "Babanki ba ya wurin, ko yana wurin ma ba ji zai yi ba." Na dube shi, yana ta gutsurar tuwonsa. Ba zan ɓoye maka ba, gasar nan na so ta kamar raina, kuma kafin in wanke hannu na kusa yanke shawarar bin maganar Mama. Kunyar hakan ta sa na bar sauran tuwon a kwano.

Ranar Juma'a an kwana ana ruwa, filin makaranta duk taɓo, kwanon rufi na ta ɗiga. Bayan waƙa da addu'a hedimasta ya kira ni na hau baranda. Na ce, "Ina ba Malam haƙuri," amma ban kai ga sauran maganar ba. A nan na ji ƙararrawar keke a bakin ƙofa. Baba ne, cikin kakin aiki, da naɗin yadi a kafaɗa. Daga baya na ji cewa ya yi musayar aiki da abokinsa, ya roƙi foman ya ba shi aron wani yanki da aka ware, har da takardar fita da shi. Ya jingine keken, ya cire hula, ya gaida hedimasta, ya gaida Malam da hannu biyu, da muryar nan tasa da 'yan layin ƙarshe ma suka ji.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan ba ta da kunya, na sani. Bakin nan ba a wurina ta gada ba." Malamai mata suka rufe baki suna dariya. "Ta ba Malam haƙuri a kan bakinta, daidai ne. Amma lambar tawa ce, ni na ba ta. Ban yi karatu ba, ban iya raba ta a allo ba. Na kawo ta ne Malam ya duba mini."

Ya warware yadin a kan teburin hedimasta, ya sa aka riƙe masa gefe da gefe. Yana ɗora yatsa a kan ratsi, makaranta na ƙirgawa da baki ɗaya, har 'yan aji ɗaya da ƙirgarsu ta ƙare a ashirin suna bin baya. Aka tsaya a hamsin da tara. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da madubin nan da ko Mama ba ta taɓawa, ya goge shi da bakin riga, ya miƙa wa Malam tare da allura. Malam ya sunkuya ya fara ƙirga. Ya daɗe. Da ya ɗago ya ce, "Sittin da ɗaya." Baba ya ce, "Malam, a duba na tsakiya ma, kada a ce na zaɓa." Ya duba, sittin da ɗaya. Ya nemi alli ya ninka a jikin bango, lambar ta fito. Ya tsaya yana kallonta, bayansa a gare mu.

Abin da ya yi bayan nan shi ya sa har yau nake kiransa malamina. Ya juyo ya ce, "Ni na tsaya da wuri. Na tsaya a talatin da ɗaya, alhali ya kamata in gwada har hamsin da tara, domin sittin sau sittin dubu uku da ɗari shida ne, wannan kuwa ɗaya ya rage mata ta kai can." Yana magana sai malantar ta motsa masa, ya manta da kunya. Ya nuna mana cewa hamsin da tara ita kanta mai taurin kai ce, sittin da ɗaya ma haka, kuma sittin kaɗai ke tsakaninsu, irin waɗannan tagwaye ake ce musu. Ban da ɗaya da ita kanta, su biyun nan kaɗai ke raba lambar Baba, shi ya sa ta yi wuyar kamawa. Sannan ya matsa kusa da kunnen Baba ya ce, "Baba, ka yafe mini. Na faɗi maganar da ba ta dace ba a kanka." Baba ya ce, "Ba komai, Malam. Mu ma zare kan tsinke mana, sai mu ɗaura mu ci gaba." Ya juyo gare ni ya ce, "Ke kuma durƙusa." Na durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti na ba Malam haƙuri a kan bakina, kuma ban taɓa durƙusawa da farin ciki irin na ranar ba. Ina kallon Baba yana naɗe yadinsa, auduga a girarsa, na ji duk garin Kaduna ba mai uba kamar nawa.

Gasar na je, na zo ta uku, aka ba ni littafi da farantin roba wanda Mama ta hana kowa ci a ciki.

Yanzu jiniya ta yi shiru. In ka bi ta Kakuri za ka ga ciyawa ta cinye ƙofar masaƙar, kekunan nan duk sun watse. Da aka rufe, Baba ya koma noman masara a Kakau, a can ya ƙare kwanakinsa. Ni kuwa lissafi nake koyarwa a wata sakandare a Kamazou, kuma ranar da na fara aiki Baba ya ba ni madubin. Kowace shekara nakan rubuta 3599 a allo in tambayi gidanta. Ba a rasa wanda zai latsa waya a ƙarƙashin tebur ya ba ni amsa kafin in ajiye alli, kuma ba na faɗa, don amsar daidai ce. Amma sai na shimfiɗa musu wani yankin yadin da na adana sun ƙirga da idonsu. Abin da ke sosa mini rai shi ne tambayar da suke yi bayan nan: wai da gaske a Kaduna aka saƙa wannan?

Shekarar da Baba zai rasu na same shi a gona yana ɓare masara, na tambaye shi ko ya san sunan da Malam ya kira shi da shi. Ya ce, "Na sani tun ranar da kuke cin tuwo uwarki na cewa ba zan ji ba. Kunnena ne ya mutu, idona na kan bakinku." Ya jefa totuwa gefe ya ce, "Lebura ai ba zagi ba ne, aikina ne. Abin da ya tashe ni, za a sa ki tsaya gaban mutane ki ƙaryata abin da kika gani da idonki, don kawai ubanki bai shiga aji huɗu ba."

Da rana ta fara sauka ranar Asabar ɗin, kafin in mai da katifar ɗaki, na kira 'yata ta bar wanke-wanken. Na kama ɗan yatsanta da sauran kumfa a jiki na ɗora a kan ratsin farko, na ce ta ƙirga. Ta ƙirga tana turo baki, ta ce hamsin da shida. Na ce akwai uku a cikin ɗinki, kakanki ne ya zura su da hannunsa, je ki ɗauko mini madubin a jakata.